Agogon Babur a Cikin Langa

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka bar Gwarzo, ni da Baba, a kan tsohon babur ɗinsa. Gari bai gama wayewa ba, ƙasa kuma a jiƙe take da ruwan da aka yi jiya da la'asar. Inna ta rako mu har zaure, ta miƙo mini langarta mai ɗigo-ɗigon shuɗi, an naɗe ta da tsohon ɗankwali an ƙulle a sama. Duk wanda ya gan ni zai ɗauka tuwo zan kai wa wani. Agogon babur ɗin ne a ciki, wanda ke nuna gudu. Baba ya kwance shi tun jiya, ya shimfiɗa masa auduga. Kabo za mu kai shi, wurin wani tsoho mai gyaran agogo da aka ce babu kamarsa a yankinmu.

"Riƙe da kyau, Uwata," in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Duk gidan nan ke kaɗai ce ba ki taɓa fasa mini komai ba."

Na ce to, kaina a ƙasa.

Sai na fara gaya muku yadda aka yi, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa na yi tafiyar nan cikin fargaba ba.

Babur ɗin na kakana ne. Malamin gona ne shi, da wannan babur ya zaga ƙauyukan nan tun ba a haife ni ba. Baƙi ne, mai nauyi, sai an taka shi sau uku ko huɗu yake tashi. Agogonsa yana da farar fuska da jar allura, da zoben ƙarfe kewaye da gilashin, da wata 'yar taga a tsakiya inda lambobi ke juyawa suna ƙirga nisan da aka yi. Baba ya haddace lambar da ke wurin ranar da kakana ya rasu. Yakan nuna mini ya ce, daga farko zuwa nan tafiyar mahaifinsa ce, daga nan zuwa yau tasa ce.

Mako uku da suka wuce maƙwabcinmu ya ari babur ɗin. Malamin lissafi ne ɗan Filato, Kirista, ya daɗe yana koyarwa a makarantarmu a Gwarzo, kowa Ticha yake ce masa. Ya je Sabon Birni ɗauko wa matarsa magani, ya dawo da shi kafin azahar, Baba ba ya gida, ya kafe shi a zaure ya tafi. Na fito shara na ga zoben agogon ya dusashe, har tsatsa ta fara yi masa ɗigo. Sai na yi masa abin da nake yi wa tukwanen Inna. Na tankaɗe toka, na yanka lemun tsami, na ɗauko soso na dirje shi sosai, sannan na tuttula masa ruwan buta na ɗauraye. Ya yi ƙyalli har ina ganin hancina a ciki. Ban gaya wa kowa ba. Jira nake Baba ya gani ya tambayi wa ya yi wannan aiki, in yi shiru in bar Inna ta faɗa.

Washegari gilashin ya yi gumi daga ciki. Bayan kwana uku allurar ta kafe a wuri ɗaya, wani jirwaye mai ruwan ƙasa ya fito a gefen farar fuskar.

Baba ya tambayi Ticha ko ya shiga rafi da babur ɗin. Ticha ya ce bai shiga ba, ta gada ya zagaya. Baba ya ce, "To, shi ke nan." Na san wannan shi ke nan ɗin. Tun ranar Ticha bai sake zuwa tabarmar ƙofar gidanmu ba, inda sukan zauna bayan la'asar suna gardama kan rediyo.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a wasu baƙin unguwarmu suka koma garuruwansu. Ba a taɓa su ba, labaran da suke ji ne suka hana su barci. Baba ne ya hana Ticha tafiya a lokacin. Ya ce masa muddin yana unguwar nan, gidansa gidansa ne. To ga shi a makon da za mu yi tafiyar matar Ticha ta shigo ta tambayi Inna ko muna da kwalaye da ba ma amfani da su, kuma na lura ta sauke labulen tagarta. Ranar Juma'a ina tsince shinkafa na ji Baba yana gaya wa Inna cewa ba lalacewar agogon ce ta dame shi ba, ƙaryar ce. In mai agogo ya buɗe ya tabbatar ruwan rafi ne, shi da Ticha sai gaisuwar hanya.

Wannan ne nake ɗauke da shi a cinyata da muka fita daga gari.

Gidan man da ke bakin gari a rufe yake, an sa igiya, motoci sun yi layi tun ban san yaushe ba, direbobin na kwance a kan bonet. Muka tsaya wurin 'yan bumburutu. Kwalba ɗaya naira hamsin, Baba ya ce kwanan baya talatin da biyar ya saya. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken safiya, ya shinshina, don wai suna haɗawa da kananzir. Mai man ya rantse har sau biyu. Baba ya sayi kwalba biyu, ya tsaya sai da ɗigon ƙarshe ya faɗa tanki. Daga nan duk gangaren da muka samu sai ya kashe injin, mu sulala shiru, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da kukan kwaɗi a kududdufan gefen hanya. Haka yake tuƙi tun da mai ya yi tsada. Inna ta ce wata rana zai koya wa babur ɗin tafiya da ruwan koko.

Damina ta yi kyau bana. Dawa ta fi mutum tsayi, gero ya fara fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Mutane na fita gona da fartanya a kafaɗa, wasu a kan jaki, wasu sun ɗora takin gida a amalanke saboda na zamani ya gagari kowa. Na ga wannan duka, amma idona ya fi zama a gaban babur ɗin, inda aka cire agogon. Rami ne kawai da bakin waya an ɗaure shi da tsumma. Baba yakan sunkuyar da kai ya duba wurin, sai ya tuna babu komai, ya ɗago. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ya yi haka kafin mu kai wani shinge da ke hanya.

Kwaltar ta farfashe, ramukan cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. A wata kwana wata tirela ta taho a bayanmu tana hon. Baba ya gangara gefe, ta wuce mu da iska mai ƙarfi har hijabina ya rufe mini fuska, murfin langar ya yi ƙara. A daidai lokacin wani tunani ya zo mini, kuma zan faɗe shi ko da ba shi da kyau. Na ce da zan saki hannuna, langar ta faɗa ƙarƙashin tayoyin nan, babu wanda zai taɓa buɗe agogon. Za a yi mini faɗan sakaci na kwana biyu a wuce wurin. Sai na tuna in hakan ta faru Ticha zai tafi Filato a matsayin maƙaryaci, har abada. Na ƙanƙame langar har gefenta ya yi mini shaida a hannu. Ban saki ba, amma kuma ban yi magana ba.

Gaba kaɗan muka tarar da shinge, an gicciya itace a kan durom biyu. Wasu mutane ne masu lura da dokokin Shari'a a hanya. A makaranta an yi ta cewa za a hana ɗaukar mata a babur, har wata 'yar ajinmu ta ce bulala ake yi a nan take. Babbansu, mai furfura a gemu, ya yi sallama ya gaisa da Baba, ya dube ni.

"'Yata ce," in ji Baba.

"Ai ga kama nan, Malam. Me aka dafo mana?"

Na kwance ɗankwalin, na buɗe langar. Ya leƙa ya ga agogo kwance a kan auduga, sai ya kira abokinsa. "Zo ka ga tsadar rayuwa. Yanzu agogo ake zubawa a langa." Suka yi dariya, suka ɗage itacen, suka yi mana addu'ar sauka lafiya. Babu bulala. Na yi mamakin yadda abin da na fi jin labarinsa ya zama mafi sauƙi a tafiyar.

Mun karya a wata mararraba, wurin wata tsohuwa mai koko da ƙosai. Ƙosan na naira goma guda biyar ne, kowanne bai wuce goro ba. Baba ya ce mata ko waken ma albashi yake jira. Ta ce ya je ya tambayi mai man gyaɗa. Ni dai na riƙe ƙosai ɗaya har ya huce. Baba ya taɓa goshina ya ce ko zazzaɓi ne, na ce iska ce.

Da hantsi muka shiga Kabo. Rumfar mai agogon na kusa da kasuwa, 'yar ƙarama, an zana agogo a jikin ƙyaurenta da fenti. A kulle take. Wani tela da ke kusa ya ce tsohon ya tafi gonarsa a Dugabau, da damina sai ranar kasuwa yake buɗewa, amma kayan aikinsa ba sa rabuwa da shi. Na ji daɗi, na ce a raina shi ke nan mu koma gida. Baba ya jijjiga babur ɗin ya saurari man da ya rage a tanki, ya ce mu je.

Hanyar Dugabau burji ce, ruwa ya zaizaye ta, wani wurin sai mun sauka Baba ya tura. Muka iso wani rafi da ya yanke hanya. Na cire takalmina na ɗaga langar a ka, Baba ya naɗe wando ya tura babur ɗin ciki.

"Kin gani? Irin wannan ya shiga," in ji shi.

Ruwan ya kai tsakiyar taya. Da muka haye ya tsaya yana maida numfashi, ya dubi inda ruwan ya tsaya a jikin babur ɗin, ya dubi ramin agogon da ke can sama daidai ƙirjinsa, a bushe. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, wataƙila ranar ruwan ya fi haka yawa. Ni na san kafin ruwa ya kai wurin sai ya shanye injin gaba ɗaya. Na ga shi ma lissafin yake yi.

Mun sami mai agogon a gindin ɗorawa a bakin gonarsa, yana gasa masara. Ɗan ƙaramin tsoho ne, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Suka gaisa da Baba, gajiya, iyali, damina, ya muka baro mutanen Gwarzo, ya ruwa ya yi a wajenmu, har na ɗauka sun manta da abin da ya kawo mu. Da Baba ya ambaci kakana sai tsohon ya ce ya san shi, shi ya fara kawo musu irin gyaɗa mai saurin nuna, kuma ya san babur ɗin. Ya wanke hannu, ya goge sosai, ya ɗauko wani gwangwanin biskit daga cikin buhu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti.

"Roƙona ɗaya, Malam," in ji Baba. "Kada lambobin nan su motsa."

"Ba ni na yi tafiyar ba, ba ni zan goge ta ba."

Ban taɓa ganin mutum yana aiki a hankali haka ba. Zoben ƙarfen a lanƙwashe yake ta baya, shi ya riƙe gilashin. Ya sa bakin wata siririyar sukundireba yana ɗaga leɓen kaɗan-kaɗan, ya juya agogon, ya ɗaga, ya juya. Sai da ya zagaya sau uku kafin zoben ya saki. Ya ce in aka yi gaggawa ƙarfen tsagewa yake, kuma ba a sayar da irinsa yanzu ko a birni. Robar da ke ƙarƙashin gilashin ta fito a gutsuttsure, ta bushe kamar tsohuwar ganda. Ya ɗiga alama da fensir inda allurar ke kwanciya. Sannan ya ɗauko ƙananan cokula biyu na shayi, ya zura su ta gefe da gefe a ƙarƙashin allurar, ya danna a tare, ta fito tsaf.

Da ya ɗaga farar fuskar na hango cikin. Akwai wani faifai, da wata waya a nannaɗe siririya kamar gashi. A kansu wani abu fari-fari ya daskare. Tsohon ya lakato shi da tsinke, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ya sake zura tsinken ya fito da wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba. Ni na gane shi tun daga inda nake zaune. Guntun tsokar lemun tsami ne, ya bushe.

Tsohon ya ajiye tsinken. Ya dubi Baba ya ce ana buƙatar roba sabuwa, ya shiga gari wurin mai facin keke ya samo masa guntuwar tsohuwar robar cikin taya, mai laushi. Baba ya tashi ya tafi da ƙafa don kada ya ƙona mai.

Muka rage mu biyu. Tsohon ya ci gaba da aikinsa, ya ɗauko gashin kaza yana share faifan.

"'Yan mata, a gidanku da me kuke wanke tukunya?"

Na sunkuyar da kai.

"Tsohuwata ma da toka take yi. In ta samu lemo ta haɗa." Ya hura faifan. "Zoben nan ya sha wanki. Tun da nake ban ga mai ƙyallinsa ba."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Don Allah, Baba," ban san ma me nake roƙo ba.

Ya ce shi ba zai kai ƙarata ba, ba aikinsa ba ne. Amma in mahaifina ya tambaye shi abin da ya gani, ba zai ce rafi ba ne, don bai taɓa ganin rafin da lemo ke tsirowa a ƙarƙashinsa ba. Sai ya tambaye ni wa ake zargi. Na gaya masa, har da kwalayen da labulen. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar.

"To kin ga naki ya fi nawa wuya. Ni tsatsa kawai zan cire."

Ya miƙo mini gilashin da ɗan man goge haƙori a tsumma, ya ce in riƙa murzawa a zagaye, ba da ƙarfi ba. Ina yi ina kallon hanyar da Baba zai ɓullo. Na shirya maganar a raina ta fi sau ashirin, kowane sau sai ta watse.

Baba ya dawo da robar. Ya tsuguna ya leƙa cikin agogon, ya ga an share.

"To, Malam, me ka gani? Ruwan rafi ne ko?"

Tsohon ya buɗe baki. Ban san lokacin da muryata ta fito ba, kuma ba ta yi kama da tawa ba.

"Baba, ni ce."

Ya juyo.

"Ni na wanke shi. Da toka da lemo. Na zuba masa ruwan buta. Ranar da Ticha ya dawo da shi."

Na jira mari, ko da yake bai taɓa marina ba. Na jira tsawa. Babu wanda ya zo. Ya dube ni kawai, sannan ya tambaye ni a hankali, "Kwana nawa ke nan?"

"Ashirin da ɗaya."

"Kina ji ina maganar mutumin nan."

"Ina ji."

Ya tashi ya koma can bakin gona, ya juya mana baya, ya tsaya yana kallon dawa. Da ya yi mini duka da ya fi mini sauƙi.

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya ce in matso in riƙe masa faranti. Ya wanke faifan da ɗigon kananzir a bakin gashin kaza, yana kaucewa siririyar wayar, ya ce ita ce ran agogon, in ta lanƙwashe an gama. Ya ajiye kayan a inuwa inda iska ke bi, ya ce rana tana sa farar fuskar ta yi ja. Fuskar kuwa bai sa mata ruwa ba ko kaɗan. Busasshiyar auduga ya riƙa dangwala mata, don lambobin da ke kanta fenti ne, in aka goga sai su biyo tsumma. Jirwayen ya ragu amma bai fita duka ba. Ya ce wannan ya zauna ke nan. Ya tsoma bakin allurar ɗinki a man keke ya ɗiga sau biyu kawai, ya ce mai da yawa ƙura yake kira. Ya ɗora gilashin a kan robar ya zana, ya yanka da reza. Ya mayar da allurar daidai kan alamar fensir, ya rufe, ya bi leɓen zoben yana kwantar da shi da ƙotar cokali.

Sannan ya zura wani guntun ƙarfe ta bayan agogon ya murza shi tsakanin tafukansa. Jar allurar ta yi tsalle, ta koma ta kwanta a hankali.

"Malam, zo ka ga mutuminka ya farka."

Baba ya dawo. Taga ya fara dubawa, lambobin na nan yadda suke. Suka ɗaura agogon a babur tare, suka yi sallar azahar a nan gindin ɗorawar, ni ma na yi a gefe. Tsohon ya ba mu masara uku. Da za mu tafi ya ce wa Baba, "Robar nan ta mutu tun tuni. Ko ba ita ba, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai shiga." Baba ya yi godiya kawai. Ni kuma tsohon ya ce mini daga yau tsumma da ɗigon man keke ya ishi zobe, toka ta tukunya ce.

Dawowar ta fi zuwan ban tsoro. Baba bai yi mini magana ba, ko da muka sake haye rafin. Langar ba komai a ciki sai masara, tana ta ƙara a cinyata. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Ina leƙa agogon ta saman kafaɗarsa, allurar na hawa tana sauka lafiya lau. Sai da muka hau kwalta na lura da wani abu. Mun wuce gangare uku bai kashe injin ba. Mutumin da ke tsayawa sai ɗigon ƙarshe ya faɗa tanki, yau yana ƙona mai a gangare. Allurar ta kai inda ban taɓa ganin ta kai ba. Na rasa ko fushi ne ko hadarin yake gudu, na rufe ido ina karanta duk addu'ar da na iya. Masu shingen nan suka ɗaga mana hannu, ɗayansu ya yi ihu yana tambayar ko agogon ya ƙoshi. Baba ya ɗaga musu hannu kawai.

Mun shiga Gwarzo ana yayyafi, kafin magariba. Na gyara zama zan sauka a ƙofar gidanmu, sai Baba ya wuce ta. A ƙofar Ticha ya tsaya.

Ya yi sallama. Ta zauren na hango kwalaye huɗu an ɗaure da igiya. Ticha ya fito da singileti, da alli a gefen hannunsa, ya tsaya daga bakin ƙofa bai ƙaraso ba.

"Ticha, haƙuri na zo ba ka," in ji Baba. "Ka gaya mini gaskiya na ƙi yarda. Ɓarnar daga cikin gidana take. Laifin yarinya na wanki ne, nawa ya fi nata."

Ya matsa gefe ya bar ni a tsaye. Na faɗi abin da na yi, a karo na biyu a rana ɗaya, idona a kan takalmin Ticha. Ruwan na sauka a kan langa. Sannan ya tako ya leƙa agogon, ya sa yatsa ya share ɗigon ruwa a gilashin.

"Toka da lemo," in ji shi. "Malam, ni fa na ga ƙyallin nan washegari. Na ce wa madam, ka ga mutumin nan, don na hau babur ɗinsa sau ɗaya har wanke shi ya yi."

Baba ya runtse ido. Wannan bai taɓa zo masa a rai ba, ni ma haka. Ashe mako uku kowannensu na zaune da nasa ciwon.

"Wallahi ban san an wanke ba," in ji Baba.

"Yanzu na sani." Ticha ya dube ni. "Ke kuma, a aji ba kya magana, a gida ba kya magana. Ranar Litinin ke za ki fara fita allo."

Muka tura babur ɗin gida da ƙafa, don man ya ƙare daidai nan.

Yau kwana huɗu da dawowarmu. Kwalayen ba a kwance su duka ba, na leƙa, biyu na nan a ɗaure, kuma ban san abin da za su yanke ba in hutu ya zo. Amma labulen ya koma tagarsa, jiya kuma bayan la'asar na ji su a kan tabarma suna gardama kan farashin taki.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na san yanzu yadda ake buɗe agogon babur da cokula biyu, na san hanyar Dugabau ba ta son takalmi mai kyau. Na kuma gane cewa shirun da ake yabona da shi a gida da makaranta, har ana cewa ina da kunya, shi ne ya kusa tayar da mutane daga gidansu. Wankin na minti goma ne. Sauran duk shirun ne ya yi.

Jirwayen na nan a gefen farar fuskar, kusa da lamba ashirin, duk wanda ya san wurin zai gan shi. Baba bai kira ni da kowane suna ba tun ranar Asabar, sai dai ya ce ke. Yau da safe yana shirin fita na ji ya tsaya a zaure ya daɗe. Sannan ya ɗaga murya.

"Uwata, kawo tsumman nan da man keke. Ki bar butar a inda take."